Irin da Ke Saman Murhun Inna Rabi'atu

A unguwar Ƙofar Dumi ta Bauchi babu matar da ke aika wa Inna Rabi'atu miya don neman yabo. Wadda ta gwada sau ɗaya ba ta sakewa. Inna za ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta yi bismilla, ta dangwala da ɗan yatsa ta kai baki, sannan ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ashe famfonku ya kawo ruwa yau." Sai matar ta isa gida take gane abin da aka faɗa mata.

A unguwar aka haife ta, 'yar wani mai ɗinkin hula. Ta auri Malam Ɗanlarai mai gyaran agogo, wanda ya zauna da ita shekara talatin da takwas lafiya lau har ya koma ga Allah, saboda tun da wuri ya gano cewa idan bai yi magana ba babu abin da za a kama shi da shi. Ta yi shekara talatin da ɗaya tana girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata, tana juya tukunyar da babban mutum zai iya zama a ciki, da tumatirin gwangwani da har yau ba ta yafe masa ba. Ranar da ta ajiye aiki aka ba ta agogon bango. Ta miƙa wa mijinta, ya buɗe bayansa ya leƙa, ya mayar ya rufe bai ce uffan ba. Ta ce shirunsa ya ishe ta bayani.

Abubuwan da ta raina suna da yawa, amma biyu ne a kan gaba. Na farko shi ne ƙaton tumatirin kasuwa, jajir, mai tauri, wanda take cewa an yi shi ne don ya jure zaman mota har Legas, ba don a ci ba. Na biyu kuwa injin markaɗe. Akwai ɗaya a bakin titin unguwar, na wata mata mai suna Liatu, mutuniyar Bogoro, wadda ta shekara goma sha biyar a wurin. A duk shekarun nan Inna ba ta taɓa kai mata ko barkono ɗaya ba. Tana cewa inji ne ya sa miyar unguwar duka ta koma ɗanɗano ɗaya, na ƙarfe da ragowar markaɗen wadda ta riga ki. Ita da dutsen niƙa take aiki, kuma tana faɗa a gaban kowa cewa ko a cikin barci aka ɗiga mata miyar inji a harshe za ta gane.

'Ya'yanta biyu. Na farin Abdulbaqi, wanda ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai ta ce Manya. Yana yaro sunan na kara ne. Da ya girma ya sa tabarau, ya kama aiki da wata ƙungiya mai wayar da kan manoma, sai sunan ya ƙara gishiri a bakinta. Yadda take bayyana aikinsa shi ne, yana tara manoma a otal, a kunna musu na'urar sanyi, ya haska musu hoton gona a bango. Ta biyun Khairat ce, auta, tsakaninta da yayanta shekara goma sha uku.

A bayan ɗakin girkinsu akwai wani ɗan fili da bai fi tabarma huɗu ba, inda tun zamanin surukarta ake shuka ƙaramin tumatirin nan da mutane ke kira ɗan juji, saboda yana fitowa da kansa a inda ake zubar da shara. Inna tana shuka shi ne kawai don ya fi na kasuwa. Khairat ce ta mayar da shi aiki. Tun tana 'yar sha bakwai ta lura cewa ba duka ƙafafun tumatirin ke da daɗi ɗaya ba. Sai ta shiga bin su ɗaya bayan ɗaya da sassafe, kafin ta sa komai a baki, tana tsinka tana ci ɗanye ba gishiri. Wanda ya yi mata sai ta ɗaura masa jan zare. Daga masu jan zare kaɗai ake cire iri, kuma ba 'ya'yan fari ba, ba na ƙarshe ba, na tsakiya. Haka ta yi damina bakwai a jere. A damina ta bakwai tumatirin ya zama wani abu dabam: bai fi ɗinya girma ba, fatarsa sirara, da ɗan tsini a ƙasa, tsami ne ke fara zuwa sannan zaƙi ya biyo a hankali ya daɗe a baki. Goma sha biyu sun isa miyar mutum uku. Inna ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi." Khairat ta yi tsalle ta ce yau sai ta yi sadaka.

Ajiyar irin kuwa yadda surukar Inna ta koya mata ake yi. A matse 'ya'yan a ƙoƙo, a bar su kwana biyu su yi tsami, a cuɗa da toka, a shafa a bangon ƙasa na ɗakin girki, sama da murhu, inda hayaƙi zai kori ƙwari. Idan ruwa ya sauka sai a kankaro da wuƙa a shuka. A wannan shekarar Khairat ce ta hau turmi ta shafa da hannunta, cikin watan Oktoba. Yatsunta huɗu suka bar layi huɗu a jikin bangon, daga sama zuwa ƙasa.

Ta rasu ranar wata Talata a watan Nuwamba, bayan zazzaɓin kwana shida. Shekararta ashirin da huɗu. Masu ta'aziyya sun yi ta yaba wa Inna cewa ba ta yi kuka ba, tana da tawakkali. Ta raina wannan yabon kamar yadda take raina sauran.

Damina ta zo, Inna ta ɗauko wuƙa ta hau turmi, ta dubi layukan nan huɗu, ta sauko. Kankarar irin na nufin goge yatsun. Damina ta biyu ma haka aka yi. Filin bayan ɗakin girki ya zama wurin shanya. Ba ta faɗa wa kowa abin da ke jikin bangon ba, domin ba irin maganar da take yi ba ce. Amma ta san iri ba ya jira har abada, kuma babu ko ƙwaya ɗaya a wani wuri a duniya sai nan. Ta yanke a ranta cewa damina ta uku za ta kankara, ko me zai faru.

Kafin daminar aka yi mata aikin yanar ido. Manya ya ce babu zancen ta koma cikin hayaƙi, sai ta yi wata ɗaya a gidansa na Tirwun. Gida ne sabo, mai dogon bango da rijiyar burtsatse, kuma a bayansa shi da matarsa Yasmin sun yi abin da suke kira lambu. Tumatiri ne ƙanana kala biyar, kowane layi da allonsa, kowace ƙafa da siririn tiyo yana ɗiga mata ruwa safe da yamma. Irin daga waje aka aiko masa, a cikin 'yan takardu masu hoto.

A mako na biyu, ido ɗaya a rufe da auduga, aka zaunar da ita a kan kujerar roba aka kawo mata faranti.

"Inna, ke ce alƙaliya," in ji Manya. "Wata uku na yi ina bincike kafin in zaɓi waɗannan. Duk su ne kan gaba a wajen ɗanɗano."

"Wa ya ɗanɗana?"

"Masana, Inna. An rubuta."

"To, ba ni in ga ko sun ci abinci ranar."

Ta fara da ja mai sheƙi. Ta tauna, ta zaro fatar daga bakinta ta ajiye a gefen faranti. "Wannan da ledarsa aka haife shi." Ta ɗauki dogon mai kama da dabino. "Wannan kuma ya yi niyyar zama wani abu, ya fasa a hanya." Baƙin ta jujjuya shi a hannu ta tambaya ko ciwo ne ya kama shi. Yasmin ta ce a'a Inna, haka launinsa yake, shi ne ma ake yayi. Inna ta ci ta ce lallai yayi ne, don bayan launin babu komai. Mai zane-zanen ta ce a ba kaji, idan sun ƙi kada a matsa musu. Rawayan ne kawai ya sa ta ɗan dakata.

"Wannan yana da zaƙi," ta ce. Manya ya gyara tsayuwa. "Zaƙin alewa. A ba yara. Tumatirin da babu tsami a gabansa ba ya riƙe miya, daddawa za ta danne shi ka neme shi ka rasa. Kuma duk kun kashe su da ruwa. Kuna shayar da su kamar masu jego. Idan ya fara nuna ai ƙishi ake barinsa da shi, a nan daɗin ke taruwa."

"Ai a takardar cewa aka yi..."

"Manya, takarda ce za ta sha miyar? Ka bari in koma gida. Bana zan shuka muku tumatiri ku san kun ci."

Manya ya dubi matarsa, suka yi wani murmushi da Inna ta ɗauka na jin kunya ne.

Ranar da aka mayar da ita gida, cikin zafin Afrilu, ta gane ma'anar murmushin. An daɓe tsakar gidan da siminti har filin bayan ɗakin girki. Ɗakin girkin kansa an yi masa filasta, an shafe shi da fenti mai ƙyalli ruwan ganye. Murhun duwatsu ya tafi, ga na gas a kan kantar girki. Manya na tsaye a bakin ƙofa yana jiran godiya, har ya riƙe waya zai ɗauki fuskarta.

"Likita ya ce hayaƙi ne ya ci miki ido," ya ce. "Shi ya sa na ce a gyara komai kafin ki dawo. Har wannan ƙazantar da ke saman murhu na sa birkila ya kankare ta tas."

A wannan ɗakin aka yaye shi. Yana yaro ya sha riƙe mata turmi tana hawa ta shafa iri a wurin. Kuma ita da kunnenta ta ji shi a rediyo yana gargaɗin manoma kada su bari irin gargajiya ya ɓace. Ta ɗaga ido mai lafiyar ta dubi inda layukan suke. Bango sumul, har tana ganin inuwarta a ciki.

"Allah ya yi albarka," ta ce, domin abin da uwa ke faɗa ke nan. Ta nemi wuri ta zauna a ƙasa. Ya ce gajiyar mota ce.

Kwana biyu ba ta kunna gas ɗin ba. A rana ta uku tana alwalar azahar sai kalmarsa ta dawo mata: kankarewa. Ba binne shi aka yi a ƙarƙashin siminti ba. Abin da aka kankare kuwa dole an kai shi wani wuri. Ta idar da salla ta yafa mayafi ta fita neman birkilan, wani Sabitu, ta same shi a kan tsani yana aiki a wani shago.

"Malam Sabitu, ƙasar da ka kankare a bangona, ina ka kai ta?"

"Ƙasa kuma, Inna? Ai shara ce. Baro uku."

"Ban tambaye ka sunanta ba. Ina take?"

Ya sosa ƙeya da bayan cokalin gininsa. "Liatu mai inji ce ta ce in cike mata ramin da ke gefen rumfarta, inda ruwan wankin inji ke kwanciya. Yau mako uku ke nan."

Inna ta gyara mayafi ta juya. A duk faɗin Bauchi, da jujinta da kwatocinta, sai can.

Liatu tana zuba wa wata mata markaɗe a bokiti lokacin da ta hango ta. Mace ce kakkaura mai ƙaton murya, wadda ƙarar inji ta koya mata magana da ƙarfi ko da an kashe shi. Ta kashe injin, ta goge hannu a zaninta, ta dubi sama kamar mai duban hadari.

"Yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Maman Khairat a rumfata! Dutsen ne ya fashe?"

Tun bayan rasuwar babu wanda ya kira ta da wannan sunan. Mutane sun daina, wai don kada su fama mata. Inna ta ce, "Ba markaɗe na kawo ba. Ƙasata na biyo."

Ramin yana gefen rumfar, bayan wani benci. Jar ƙasar bangonta ce, ta gane ta, ta jiƙe sharkaf da ruwan wankin inji. A kanta tsiron tumatiri ne cunkus, wasu sun kai tsawon yatsa, wasu akuya ta riga ta gaisa da su. Inna ta durƙusa, sai kuma ta ga matsalar. Kullum a nan ake zubar da ɗaurayar injin. Duk tumatirin da matan unguwa suka sayo a kasuwannin Muda Lawal da Wunti, 'ya'yansa a nan suke ƙarewa. Irin Khairat yana ciki, idan yana ciki, a tsakiyar duk tarkacen da ta shekara tana zagi.

Ba ta san lokacin da ta faɗa ba. "Irin yarinyar ne. A bangon yake. Babu wani."

Liatu ta leƙa ramin. Ta jawo bencin gefe, ta kori wata akuya da ƙafa. Sannan ta ce, "Ƙananan nan masu tsini a gindi? Na san su. 'Ya'ya fal, fata kamar babu."

Inna ta ɗago. "A ina kika san su?"

"A cikin injina mana."

"Tumatirina bai taɓa shiga injinki ba."

Liatu ta kwashe da dariya har tana dafa bencin. "Wayyo, Maman Khairat! Shekara nawa yarinyar nan tana zuwa nan da 'yar roba a ƙarƙashin hijabi? Duk ranar da kika tafi unguwa kika bar mata girki. Ta ce in wanke injin sau biyu, kada in sa ruwa da yawa. Idan ta koma gida sai ta shafa kaɗan a kan dutsen ta bar shi a jiƙe don ki gani. Washegari in tambaye ta, Inna ta gane? Ta ce, ina! Har cewa ta yi, kin ji bambancin dutse ko?"

Matar da ke jiran bokitinta ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Inna ta mayar da ido kan tsiron. Ta tuna ranakun. Ta tuna yadda yarinyar ke sunkuyar da kai a kan kwano, ita kuwa tana ɗauka ladabi ne.

"Munafuka," ta ce a hankali. Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba a daɗe da yi mini aiki a idon ba, shi ya sa yake ruwa."

"Na sani," in ji Liatu. "Nawa ma yana yi, ba a yi mini aikin ba. Bari in kawo miki cokali."

Su biyu suka tono tsiro arba'in da uku, kowanne da 'yar ƙasarsa, suka jera a farantin da Liatu ke tallar wainar masa da shi a da. Tunda Manya ya shafe filin da siminti, Inna ta tattara buhunan simintin da Sabitu ya bari, ta wanke su, ta cika da ƙasa da kashin awaki, ta jera su a tsakar gidan. Manya ya zo ya gani ya ce sun ɓata tsarin wurin, kuma da ta faɗa masa tana son shuka da ya kawo mata irin kirki. Ta ce ya gode wa Allah da ya ba shi tsari.

Bayan mako biyu ta tuge masu faɗin ganye da kaurin kara, na kasuwa ne, ba sai an faɗa mata ba. Saura goma sha tara. Da suka yi fure ta tuge waɗanda furensu ke fitowa uku-uku, domin na Khairat reshe ɗaya yakan ɗauki tara ko fiye. Saura takwas. Ruwa ya sauka sosai a Yuni, biyu suka ruɓe. A cikin shidan da suka rage, uku suka fito da 'ya'ya masu tsini a ƙasa. Amma ɗan juji mai tsini ba baƙo ba ne a Bauchi. Tsini ba shi ne damina bakwai ba. Wannan sai harshe, kuma harshen nan ne aka yi shekaru ana ba shi miyar inji yana yabon dutse. Duk safiya tana duba 'ya'yan suna sauya launi, tana jin tsoron ranar da za su nuna.

Da suka nuna, a ƙarshen Yuli, ta aika aka kira Liatu da sassafe, ta ce kada ta karya kafin ta zo. Liatu ta shigo gidan da ba ta taɓa shiga ba, ta dubi koren fentin ta ce kamar asibitin haihuwa. Inna ta ji matar ta ɗan ƙara daraja a idonta.

Suka tsinki na buhun farko. Tsami zalla, har Liatu ta runtse ido. Na biyu lami ne, ruwa kawai. Inna ta tsaya a gaban na uku ba ta miƙa hannu ba.

"Ki ci mana," in ji Liatu. "Ko sai na markaɗa miki?"

Ta tsinka ta sa a baki. Fatar ta fashe ba tare da ta ji ta ba. Tsamin ya zo. Ta jira. Sannan zaƙin ya biyo baya a hankali, ya zauna, ya ƙi tafiya. 

"Yaya?" in ji Liatu.

"Ba laifi," Inna ta ce. Ta shiga ɗaki ta fito da jan zare.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan cire irin, Manya ya biyo bayan masallaci ya tarar da mahaifiyarsa a kan turmi a ɗakin girki, da ƙoƙo a hannu, tana shafa toka a jikin fentinsa. Abin ya ƙi zama. Duk inda ta shafa sai ya zame ya gangaro.

"Haba Inna! Fentin nan ko wata huɗu bai yi ba. Mene ne wannan kuma?"

Ta sauko a hankali, ba ta karɓi hannun da ya miƙo ba. Ta dubi bangon ta ce ko toka ta san abin da ba za ta zauna a kai ba. Ta ɗauko wani tsohon farin ƙyalle, ta shimfiɗa a kan kantar girkin, ta shafe shi da abin da ke cikin ƙoƙon. Sannan ta amsa masa, ba ta juyo ba.

"Irin ƙanwarka ne. Shi ne ƙazantar da ka sa aka kankare. Da hannunta ta shafa, wata ɗaya kafin ta tafi."

Manya ya dubi saman bangon. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. "Inna, ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ban faɗa ba," ta ce. "Wannan laifin nawa ne. Kai kuma ba ka tambaya ba, mai koyar da manoma."

Ta miƙa masa guda ɗaya daga cikin kwano. Ya ci. Bai ce an rubuta komai a kansa ba. Ya tsaya kawai yana haɗiya, har bayan babu abin haɗiyewa.

Da ƙyallen ya bushe ta yaga shi uku. Kashi ɗaya ta naɗe ta sa a ƙasan akwatinta. Ɗaya ta kai wa Liatu da kanta, aka rataye shi a rufin rumfa, nesa da ruwa. Na ukun ta ba Manya, ta ce ba don ta yarda da shi ba, sai don ta ga abin da ajiya a wuri ɗaya ke jawowa. Ta ce ya cire tiyon nan daga gindin shukar, kuma idan ya kuskura ya kafa masa allo da sunan Turanci za ta zo Tirwun da kanta ta tuge.

Har yanzu da dutse take niƙa. Amma ranar da bayanta ya matsa mata, ana ganinta a bakin titi da 'yar roba, tana tsaye a kan Liatu sai an wanke injin sau biyu, tana faɗa wa duk wadda ke layi cewa tumatirin da ke bokitinta bai cancanci wahalar da injin zai sha ba.